Naman Kaza Marar Jela

Motar ma'aikata ta rage gudu a kwanar da ruwa ya cinye kwalta, sai Dogo ya goge gilashi da hannun rigarsa, ya nuna waje da baki.

"Ku ga wata sabuwa. Tsohuwa da sassafe tana farautar laimar kwaɗi."

Kowa ya leƙa, har da Akawu, wanda ke zaune a bakin taga da jakar takardu a kan cinyarsa. Can cikin filin da ba a gina ba, a gindin wani suri da ruwan jiya ya jiƙa ya yi jajir, wata tsohuwa ce durƙushe, zaninta ya sha laka har gwiwa. Hannunta ɗaya yana shafa ƙasa a hankali, ɗayan yana riƙe da ɗan guntun dagi. Kusa da ita akwai kwando, an ɗaure bakinsa da wani shuɗin tsumma. Akawu bai buƙaci ganin fuskarta ba. Tsumman nan guntun rigar makarantarsa ne, shi da kansa ya yage ta a kan katanga shekara talatin da suka wuce.

Dogo, wanda teburinsa ke manne da na Akawu a ofis, ba ya ganin abin magana ya bar shi ya wuce. Ya ce wannan baiwar Allah ko dai ba ta haihu ba, ko kuwa ta haifi waɗanda gara a ce ba ta haifa ba. Kashiya daga kujerar baya ta ce ita da a ga uwarta haka, gara ta sayar da takalman ƙafarta ta tafi aiki ba takalmi. Aka yi ta tofa albarkacin baki, kowa ya zama ɗa nagari a cikin mota. Sai Dogo ya zunguri Akawu da gwiwar hannu.

"Kamar ta wajen unguwarku ta fito. Ka san ta?"

"Tsofaffi ai da yawa a unguwar," in ji Akawu. Har ya ɗan yi dariya, don kada shirunsa ya yi yawa.

Motar ta haye kwalta ta ƙara wuta. Shi kuwa har suka isa ofis bai sake ɗaga kai ba, yana ta kallon takalmansa da ya goge da asuba suna ƙyalli. Kunya biyu ce ta kama shi a lokaci ɗaya, ta ganin mahaifiyarsa a cikin laka da ta amsar da ya bayar, kuma gaskiya ta farkon ce ta fi damunsa.

* * *

Kada a zalunci Akawu, ba ya cikin 'ya'yan da ake nunawa da yatsa. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara bakwai, Inna ta tsaya tsayin daka ita kaɗai har ya yi karatu ya samu teburi da kujera mai juyawa. Da ya gina gidansa ya ɗauko ta, mutane suka yi ta sa masa albarka, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Ɗakin da aka ba ta kuwa sito ne a da, can bayan gida kusa da tankin ruwa, inda baƙo ba ya kaiwa. An ce na ɗan lokaci ne kafin a gama ɗakin gaba. Shekara huɗu ke nan, ɗakin gaban ya zama falon baƙi mai labule har ƙasa.

Matarsa, Malama, tana koyarwa a firamare, ita ma ba za a kira ta muguwa ba. Amma tun ranar da Inna ta bar gas a buɗe, saboda yanar da ta fara rufe mata ido, Malama take kulle kicin in za ta fita, ta jefa makullin a jaka. Da safe a miƙa wa Inna shayi da yankan burodi, in ba a makara ba. Daga nan sai abincin dare. Akawu ya ɗauka Malama tana ajiye mata wani abu na rana, Malama ta ɗauka Akawu yana barin mata na saye, kuma babu wanda ya tambayi wani, don kowannensu yana tsoron amsar. Aikin idon ma yana nan, kullum wata mai zuwa.

Da yamma ya dawo, ko takalmi bai cire ba ya zagaya baya. Ya tarar da Inna a gaban duwatsu uku da 'yar tukunyarta, jikarta mai shekara biyar, wadda suke kira Gimbiya, tana gefe tana lasar yatsu. Ƙamshin ya riga maganarsa isa wurin, ya tsayar da shi cak. Ya san shi sarai. A shekarun da suka biyo bayan rasuwar mahaifinsa, damina ce kaɗai lokacin da suke cin abin da ya yi kama da nama. Mutanen gari duk wani abu mai hula da ya tsiro a ƙasa laimar kwaɗi suke ce masa, su tofar da yawu. Inna kuwa ta san wanda ake ci, naman kaza, wanda ke fitowa a jikin suri bayan an yi tsawa. Ita ta koya masa cewa ba a yanka shi, ba a fizge shi, tono ake yi har sai jelarsa ta fito, doguwa siririya kamar ta ɓera, wadda ta nutse zuwa gidan gara. Akwai wani fari mai kyan gani da ke kama da shi daga sama, amma in an tono shi sai a ga gindinsa dunƙule kamar albasa, zaune cikin 'yar farar jaka. Wannan ko kwando ɗaya ba a haɗa su. Ta sha murɗe masa kunne a kan haka.

Ya kori Gimbiya cikin gida, ya rage murya don kada maƙwabta su ji.

"Inna, me na rage ki da shi a gidan nan, da za ki fita kina tonon ƙasa a bakin titi? Motar ofishinmu ta nan take bi."

Ta juyo da fuskarta inda muryarsa take. Ta ce wallahi ba ta san ta nan take bi ba, da ta koma ta bayan surin. Ya sake tambaya, me ya rage ta da shi.

"Ba ka rage ni da komai ba, Auta. Rana ce take da tsawo."

Ya gane abin da take nufi, ya yi kamar bai gane ba. Ya shiga kawo mata hujjoji masu kyau, irin waɗanda za a iya faɗa a gaban kowa: idonta ba ya gani, motoci ba sa tsayawa, ga macizai a cikin ciyawa, ga guba. Ta ce idon ne ya tafi, yatsunta suna nan, kuma ba su taɓa yi mata ƙarya ba. Ta ce abin ma sati uku ne, daga ya wuce sai baɗi. Bai saurara ba. Ya ɗauki dagin da kwandon ya ɗora a saman tanki inda hannunta ba ya kaiwa, ya ce daga gobe za a riƙa kulle ƙofar gida ta waje, don lafiyarta.

Ba ta yi masa musu ba. Ta sauke tukunyar, ta tambaye shi ko zai ɗanɗana. Ya ce ya ƙoshi, alhali yawunsa ya tsinke.

* * *

Ya yi wa Malama maganar abincin rana sau ɗaya, a tsaitsaye, yana ɗaura agogo. Kwana biyu aka bar wa Inna kwano a bakin ƙofa. Rana ta uku aka makara, ta huɗu kuma kowa ya koma ɗaukar da ya saba yi.

Ranar Juma'a da yamma aka yi ruwa mai tsawa. Da ya ɗauke, Akawu ya zagaya duba tanki, ya tarar da Inna zaune a bakin ƙofarta ta ɗaga hanci sama tana shaƙar iska. Ba ta san yana wurin ba. Ita kaɗai take magana, a hankali, tana cewa gobe zai fito a surin nan, zai fito ya ruɓe ba mai ɗauka. Wuyan hannunta ya kalla, ya ga ya zama kamar kara. Ya koma ciki a saɗaɗe.

Gari na wayewa ya ce wa Malama zai ɗan taka ƙafa, likitoci sun ce yana da amfani. Ya cusa baƙar leda da 'yar wuƙar aljihu a cikin jakar ofis. Ya kalli dagin a saman tanki, ya bar shi. Mutum mai jakar ofis ba wanda zai tambaye shi ina za shi, amma mutum mai dagi sai an tambaya. Ban da haka tono yana cin lokaci, yana kuma cika farce da ƙasa.

Inna ba ta yi kuskure ba, sun fito. Sai dai ba su da yawa a jikin surin, 'yan ƙanana ne da ba su gama buɗewa ba, kowanne da ɗan tsini a tsakiyar hularsa. Ya duba gabas ya duba yamma, ya tsuguna ya yanke su daidai ƙasa, ya zuba a leda. Ko tafin hannu biyu ba su cika ba, abin kunya ne a kai wa mutum wannan a ce an yi masa alheri. Da ya miƙe sai ya hango wasu a gindin wata bishiya, taku ashirin daga surin, manya farare tas, sun buɗe sun yi reras. Ya ƙarasa ya tsuguna. Wani abu ya motsa a kunnensa na hagu, wanda Inna ta saba murɗewa, har ya sa yatsa zai ɗan tona gindin guda ɗaya. Sai ya ji ƙarar babur a kwana, da muryar maƙwabcinsa yana gaisawa da wani.

Nan da nan ya bi su da wuƙa, ya tattara ya cusa a leda, ledar a jaka, ya miƙe yana gyara mazagin wando kamar wanda ya tsuguna fitsari. Maƙwabcin ya ɗaga masa hannu ya wuce. Akawu ya yi ajiyar zuciya, ya ji daɗi an ɗauke shi mai fitsari a bakin titi.

* * *

Inna ta karɓi ledar da hannu biyu. Da ta ji abin da ke ciki sai fuskarta ta washe gaba ɗaya, ta shiga sa masa albarka tun kafin ta buɗe. Ta juye su a kan tire, ta jawo shi kan cinyarta, yatsunta suka tafi kai tsaye gindin na farko. Suka tsaya. Ta ɗauki na biyu, ta ɗauki na uku.

"Ina jelarsu?"

"Na yanke, Inna. Laka ce kawai."

"Ba a yanka shi, Auta. Ka manta?"

Ba faɗa ta yi ba, tambaya ce kawai, amma ya ji ta har cikin ƙashinsa. Ya tsaya a kanta yana karkaɗa makullai. Ta koma shafa su ta sama, ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ta ji tsini a hularsa sai ta ajiye shi dama. Manyan da suka buɗe, ta shafa ta sake shafawa, ta kai hanci ta shinshina, sai warin leda da turaren jakarsa. Ta ce in ya tsufa ya sha ruwa wani lokaci tsinin yakan kwanta, ba a gane shi sai ta jela. Ta tara su hagu, tarin ya ninka na dama sau uku.

"Waɗannan manyan, a jikin surin ka same su?"

"Duk wuri ɗaya ne."

"Ba a gindin bishiyar nan ba?"

A nan ne ya kamata ya faɗi gaskiya, kalma ɗaya ce, kuma ba kowa a wurin daga shi sai ita sai tanki. Amma faɗar gaskiyar yana nufin ya ce ya ji babur ya tsorata, yana nufin ya ce kyautar da ya kawo rabinta shara ce. Kuma ai farare ne masu kyau, wa ya ce lalle mugun ne? Borin kunya ya taso masa.

"Haba Inna, yaro ne ni? Na ce miki a surin."

Babban yatsanta ya yi ta zagaya bakin yankan. Sannan ta ce to shi ke nan, tun da ya faɗa. Ta ce rabon da ya kawo mata wani abu da hannunsa, ba aike ba, har ta manta. Ta roƙi Allah ya ba shi masu yi masa kamar yadda ya yi mata. Ya amsa da amin a gurguje, ya tafi wanke hannu.

Ranar ya fita aski da zaga abokai. Malama ta tafi kasuwa, hannunta ya kulle kicin da kansa saboda sabo. Da ya dawo da la'asar ya tarar da Gimbiya ta sha kuka idanunta sun kumbura. Wai Kaka ta dafa abin daɗin nan ta hana ta, ko romo ba ta ba ta ba, da ta miƙa hannu ma sai ta daka mata tsawa ta kore ta da ludayi. Malama ta taɓe baki ta ce tsufa dai ba abin da ba ya kawowa, har da rowa, yarinyar da kullum tare suke ci. Akawu ya yi dariya ya ba Gimbiya alewa. Ransa fes, yau dai Inna ta ci ta ƙoshi, kuma ba wanda ya gan ta a titi.

* * *

Aman ya fara mata cikin dare, amma ɗakin yana da nisa, ba wanda ya ji. Sai da safe Malama ta kai shayi ta tarar da ita kwance a ƙasa kusa da ƙofa, jikinta ya saki, leɓunanta sun bushe.

Asibitin cike yake, gado kusa da gado, kowane majinyaci da 'yan'uwansa a kewaye, kunnuwansu a buɗe. Ma'aikaciyar jinyar da ta zo da takarda kuwa ba wata ba ce, matar Dogo ce, har ta gaishe shi da fara'a ta tambayi Gimbiya. Likita, wani mutum mai furfura da ba ya son dogon zance, ya danna cikin Inna, ya duba harshenta, ya tambayi abin da ta ci jiya. Ya ce ko ta sha wani jiƙo, ko ta ci wani abu na daji, a gaya masa yanzu, don maganin ya danganta da amsar.

Akawu ya kalli biron da ke hannun matar Dogo. Ya hango maganar tana shiga motar ma'aikata gobe da safe, ta zauna a kujerar gaba.

"Abin da muka ci shi ta ci, Likita. Abincin gida."

Likita ya sunkuya ya tambayi Inna da kanta. Ta juya fararen idanunta wajen da ɗanta yake tsaye, ta daɗe.

"Yadda ya faɗa ne," in ji ta.

Aka sa mata ƙarin ruwa, aka rubuta ciwon ciki. Akawu ya zauna a benci yana gaya wa kansa cewa amai ai fitar da abu yake yi, in ma akwai wani abu ya riga ya fita. Ranar Litinin kuwa sai ga Inna ta tashi zaune, ta sha shayi, har ta tsokani Malama cewa shayin asibiti ya fi nata sukari. Da yamma aka sallame su. A hanya Akawu har yaba wa kansa ya yi, da ya yi saurin baki da ya tona wa kansa asiri a banza.

Ranar Talata da yamma Gimbiya ta ce idon Kaka ya zama kalar gwaiduwar ƙwai. Kafin gari ya waye Inna ta daina gane mutane. Tana ta kiran Auta ya ɗauko kwando su tafi kafin rana ta yi, tana gargaɗinsa kada ya yage rigar makaranta.

Da suka koma asibiti, Likita ya ɗaga fatar idonta, ya duba sakamakon jini, ya jawo Akawu baranda. Ya ce hantarta ce take mutuwa, kuma ciwon ciki ba ya yin haka. Ya ce zai sake tambaya sau ɗaya. Akawu ya buɗe baki, maganar ta fito duka, da motar, da dagin, da babur, da wuƙar. Bai taɓa jin muryarsa ta yi ƙanƙanta haka ba.

Likita bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Da ranar Lahadi ka gaya mini, da akwai abin da za mu gwada. Je ka tono mini irinsa guda ɗaya, da gindinsa duka, in san da me nake faɗa."

* * *

Ƙarfe bakwai da rabi na safe ya isa filin, da kayan ofis ɗin da ya kwana da su, dagin Inna a hannunsa. Mariƙin dagin ya yi santsi, ya lotsa daidai inda yatsunta suke zama.

Ya fara da surin. Guntayen da ya bari sun yi baƙi sun fara narkewa, amma da ya tona sai ga jela ta biyo, doguwa siririya, har sai da ya sa hannu zuwa gwiwar hannu. Ya tashi ya taka taku ashirin ɗin nan. A gindin bishiyar sababbi sun fito kusa da inda ya yanka, farare tas kamar ba su san komai ba. Ya durƙusa a cikin laka ya kafa dagin. Bai yi zurfin yatsa biyu ba abin ya ɗago, gindinsa dunƙule kamar albasa, zaune cikin 'yar farar jakarsa. Duka aikin bai kai minti ɗaya ba.

Yana nan durƙushe da shi a tafin hannu motar ma'aikata ta rage gudu a kwana. Ya ji an zuge gilashi, ya ji muryar Dogo ta kira shi da alamar tambaya. Fuskoki sun cika tagogi. Akawu ya ɗago ya dube su, wandonsa ya sha laka har gwiwa, kuma ba abin da ya same shi. Kallo ne kawai, na ɗan lokaci, sannan motar ta haye kwalta ta tafi. Abin da yake ta gudu ke nan.

Likita ya karɓi abin a cikin hankici, ya juya shi sau ɗaya, ya girgiza kai. Inna ta cika washegari da hantsi, ba ta farfaɗo ba balle ya nemi gafararta.

* * *

Kwana uku kicin a buɗe, manyan tukwane suna kan wuta, duk wanda ya shigo gaisuwa sai an cika masa kwano. Falon baƙi ya yi amfani. Mutane suka yi ta cewa Akawu ya yi ƙoƙari, a zamanin nan ɗa nawa ne zai ɗauko uwarsa ya riƙe ta a gidansa har ta cika? Kashiya ta faɗa har da ƙwalla. Dogo kaɗai ne, a karon farko a rayuwarsa, bai ce komai ba. Ya riƙe hannun Akawu ya saki, idonsa yana kan shuɗin tsumman kwandon da ake hangowa a saman tanki daga tsakar gida.

Da mutane suka watse Akawu ya zagaya baya don ya tattara kayanta. Ba su da yawa. Tabarma, zannuwa uku, 'yar tukunyar nan a wanke a kife. Ɗakin yana warin danshi, bai taɓa tsayawa a cikinsa ya daɗe haka ba. Da ya juya zai fita sai kansa ya taɓa wani abu a jikin taga. Zare ne aka ɗaura daga ƙusa zuwa ƙusa, an soke 'yan ƙananan naman kaza guda shida a jikinsa, sun yanƙwane sun yi ruwan ƙasa. Kowanne da ɗan tsininsa a ka.

"Nawa ne," in ji Gimbiya daga bakin ƙofa. Bai ji zuwanta ba. "Kaka ta ce waɗannan ta tabbatar da su. Ta ce in sun bushe za ta dafa mini ni kaɗai."

Ya zauna a bakin tabarma. Ashe ba rowa ba ce. Ta karɓi maganarsa ta zuba a cikinta, amma ba ta yarda ta zuba ta a cikin jikarta ba.

Gimbiya ta shigo ta yi ɗage, hannunta bai kai zaren ba.

"Baba, taɓa ka ji. Sun bushe?"

Ya miƙa hannu ya taɓa na ƙarshen. Tsinin ya ɗan soke shi a yatsa, zaren ya yi ta lilo a gaban tagar.